Tafki Uku A Bisa Duwatsun Roki

  A wannan wata za mu ba ku labarin wata 'yar tafiya ta yini guda wadda muka yi a ƙasar Amurka. Tun ba mu fara ta ba muka raina ta, ita kuwa ta ba mu kunya a gaban uwargida da ƙanenmu da matarsa da ɗansu.

A watan Yuli na shekarar 2024 muka kai wa ƙanenmu ziyara a birnin Denba na jihar Kolorado, inda yake aiki. Ranar da muka kwana ɗaya da sauka sai ya ce, "Yaya, gobe zan kai ku ku ga tafki uku a bisa dutse. Na riga na yanki takardar shiga tun watan jiya." Muka tambaye shi nisan tafiyar ƙasa. Ya ce zuwa da dawowa ba su cika kilomita 6 ba. Muka yi dariya. Sa'ad da muke yara, abin da muke takawa kowace safiya zuwa makaranta ya fi haka, ba ma ko takalmi. Duwatsun Shere na kusa da Jos kuwa, sau nawa muka hau su? Muka ce masa in ya ga dama ya ƙara mana waɗansu tafkuna uku a kai.

Matarsa, wadda take aikin nas a wani asibiti, ba ta yi dariya ba. Ta ce da mijinta a hankali, da za a bar baƙi su ƙara kwana uku ko huɗu tukuna, da ya fi. Muka ji sarai, muka yi kamar ba mu ji ba.

INDA WURIN YAKE

Duwatsun Roki jerin manyan duwatsu ne da suka ratsa yammacin Amurka ta Arewa, tun daga Kanada har kudancin Amurka, tsawon kilomita wajen 4,800. A Kolorado gwamnati ta keɓe wani yanki nasu, fiye da murabba'in kilomita 1,000, ya zama gandun daji na ƙasa, inda ba a noma, ba a farauta, ba a saran itace. Shugaba Woodrow Wilson ne ya sa hannu a kan dokar ran 26 ga Janairu, 1915, bayan wani mutum mai suna Enos Mills ya yi shekaru yana rubuce-rubuce, yana yawon lacca, domin a tsare wurin. Kafin zuwan Turawa, kabilun Ute da Arapaho ne suke hawa can su yi farauta a lokacin zafi.

Lokacin zafinsu kuwa gajere ne, daga Yuni zuwa Agusta. A sauran watanni da yawa dusar ƙanƙara takan rufe hanyoyin dutsen. Saboda haka in Yuli ya kama, sai jama'a su yi ta tururuwa. A shekarar 2019 mutum fiye da miliyan 4 da rabi suka shiga wannan gandu. Daga 2020 hukuma ta fara raba takardun shiga masu lokaci, domin a rage cunkoso. A shekarar da muka je, duk mai son bin hanyar motar da ta nufi tafkunan tsakanin ƙarfe 5 na asuba da 6 na yamma, sai da wannan takarda, banda dala 30 ta kuɗin ƙofa a kan kowace mota.

Abin da ba mu sa a lissafi ba shi ne tsayin ƙasar. Birnin Jos yana wajen mita 1,200 bisa teku. Denba tana mita 1,609. Garin Estes Park, wanda yake bakin ƙofar gandun, yana mita 2,293. Inda ake ajiye mota a fara tafiyar ƙasa kuwa, a gefen wani tafki da ake kira Bear Lake, wato Tafkin Beyar, mita 2,888 ne. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne. Ashe tun ba mu ɗaga ƙafa ba, mun riga mun ɗara kowane tudu na ƙasarmu da mita kusan 470.

YADDA TAFKI YA HAU DUTSE

Mai karatu zai yi tambaya, yaya tafki zai zauna a kan dutse, alhali kowa ya san ruwa gangare yake bi? Ga yadda abin yake. A zamanin dā, shekaru dubbai da suka wuce, sanyi ya fi na yanzu ƙwarai. Dusar ƙanƙara ta yi ta taruwa a kwaruruka shekara bisa shekara ba ta narkewa, har ta daskare ta zama tuli mai kaurin gaske. Saboda nauyinsa sai tulin ya riƙa gangarawa a hankali kamar kogi, yana kankare dutse, yana haƙa ramuka kamar akushi, yana tura tsakuwa da manyan duwatsu a gabansa. Da duniya ta yi ɗumi, ƙanƙarar ta narke, sai ruwa ya cika ramukan, tarin duwatsun nan kuma ya zama madatsa.

Haka aka sami tafkuna a jere cikin kwari ɗaya, wani bisa wani kamar matakala. Har yanzu akwai ɗan ƙaramin tulin ƙanƙara a can ƙuryar kwarin, ana kiransa da sunan John Tyndall, wani masani ɗan Ailan wanda ya yi binciken irin wannan ƙanƙara. Daga can wani rafi yake gangarowa.

RANAR FARKO

Takardar da ƙanenmu ya samu ta tsakanin ƙarfe 10 da 12 ce, gama na safe duk an riga an kwashe. Daga Denba tafiyar awa biyu ce a mota. Da muka isa, wurin ajiye motoci na Tafkin Beyar ya cika, sai muka bar tamu a wani babban fili a ƙasa, muka bi layi muka shiga motar bas ta kyauta. Ƙarfe 11 da rabi ta yi kafin mu sa ƙafa a hanya.

Jama'a kuwa kamar ranar kasuwa. Ga tsofaffi da sanduna, ga mata da goyo, ga samari da silifa, kowane harshe na duniya kana ji. Ganin haka ya ƙara mana raini. Muka ce a ranmu, hanyar da jariri yake bi, me za ta yi wa ƙato? Matar ƙanenmu ta miƙo mana gorar ruwa da rigar ruwa, muka karɓi gorar, muka ce rigar a bar ta a jaka, gama rana tana haske, sama kuma garau.

Daga nan zuwa tafki na fari mita 800 ne kawai, cikin inuwar itatuwa dogaye masu ganye kamar allura. Muka wuce gaba da sauri domin mu nuna wa yaro ɗan shekara tara yadda ake tafiya a gida. Ba mu yi minti biyar ba sai muka ji ƙirji yana bugawa kamar ganga, numfashi kuma ba ya isa. Muka tsaya, wai muna gyara igiyar takalmi.

Tafki na fari ƙarami ne, bado mai fure rawaya ya rufe fuskarsa. A allon hanya an rubuta Nymph Lake, sunan kuwa daga sunan badon ne a bakin masana tsire-tsire, don haka muka sa masa Tafkin Bado. Uwargida ta zauna a kan wani gungume ta ce ita wannan ma ya ishe ta kallo. Muka ce saura biyu, a tashi.

Daga Tafkin Bado hanya ta miƙe sama, an jera duwatsu da gumagumai kamar matakala. A wani lanƙwasa itatuwa suka buɗe, sai ga Dutsen Longs daga kudu, wanda ya fi kowane tsawo a gandun, mita 4,346, da sauran farar ƙanƙara a tsagoginsa a tsakiyar Yuli. Muka haye rafi a kan 'yar gada ta katako. Kafin mu kai tafki na biyu, kanmu ya fara sarawa daga ƙeya, zuciya kuma tana tashi. Ba mu faɗa wa kowa ba.

Tafki na biyu shi ne Dream Lake, wato Tafkin Mafarki, kilomita 1.8 daga mafari, mita 3,019 bisa teku. Dogo ne siriri, ruwansa garau har kana ganin kifi a ƙasa. A bakinsa akwai itatuwa da iska ta murɗe su kamar igiya. A ƙarshensa kuwa ga wani dutse mai fuska a miƙe kamar an yanka da wuƙa, Dutsen Hallett, mita 3,875. A gindinsa tafki na uku yake, wanda aka ce ya fi duka kyau. Saura kilomita ɗaya da 'yan kai.

GARDAMA A BAKIN TAFKI

Ƙarfe ɗaya saura kaɗan ke nan. Muna zaune muna cin burodi, sai muka ga matar ƙanenmu ba ta kallon ruwa, sama take kallo. Wani farin girgije da ya leƙo daga bayan Dutsen Hallett ya riga ya yi tsawo, gindinsa kuma ya yi baƙi. Ta yi wa mijinta magana a kunne. Ya zo ya ce, "Yaya, ina ganin mu juya daga nan. Hadari yana haɗuwa."

Muka ce, "Wannan ɗan girgijen? Mu da muka yi noma a ƙarƙashin hadarin Agusta? Dubi mutane suna ta wucewa. Duk waɗannan ba su da ido ne?"

Gaskiya ne kuwa, mutane suna ta hawa, har da masu goyo. Ƙanenmu ya yi shiru, gama tun yana yaro bai saba yi mana musu ba. Sai matarsa ta taso da kanta, ta ɗan rusuna, ta ce, "Yaya, ku yi haƙuri, ba raini ba ne. Tun daga gada nake lura da ku. Kuna dafe kai, burodin ma kun kasa ci. Kanku yana ciwo, ko ba haka ba?"

Muka ce ɗan kaɗan ne.

Ta ce, "Irin wannan ciwon kai, in aka ci gaba da hawa ƙaruwa yake yi. Maganinsa a sauka. Mutanen nan kuma da kuke gani, yawancinsu baƙi ne kamar ku, kowa yana bin na gabansa."

Maganar ta yi mana zafi, musamman da yake a gaban yaro ne. Muka miƙe muka ce to, su jira mu a nan, minti arba'in mun je mun dawo. Yaron ya yi tsalle ya ce, "Baba, zan bi ku!" Sa'an nan uwargida, wadda ba ta ce kome ba tun da aka fara, ta dube mu ta ce, "Malam, ka ji ko? In ka tafi, yaron nan zai bi ka. Ɗan mutane ne fa."

Ba ta rufe baki ba sai muka ji tsawa ta yi ruri daga can bayan dutse, ƙarar ta bi kwarin tana amsawa. Muka dubi yaron, muka dubi Dutsen Hallett. Hangen Dala dai ba shiga birni ba. Muka ɗauki jaka muka juya, ba mu ce wa kowa uffan ba.

Kafin mu kai Tafkin Bado rana ta ɓace, iska mai sanyi ta taso, sai ƙanƙara ta fara zuba, ƙanana kamar wake, tana dukan kai da kunne. Rigar ruwan nan da muka ƙi, da hannunmu muka roƙe ta. Cikin minti goma yatsunmu suka ƙage don sanyi. Walƙiya tana yi, tsawa tana bi nan da nan. Matakalan dutse suka yi santsi. Masu silifa suna gangarowa a guje, wata mata ta zame ta fasa gwiwa, yara suna kuka, iyaye suna rufe su da riguna marasa kauri. Muka tuna da waɗanda muka gani sun wuce zuwa tafki na uku, inda babu mafaka sai duwatsu a fili da ruwa. Da mun bi son zuciyarmu, da a daidai wannan lokaci muna can, da ciwon kai, da ɗan ƙanenmu a hannu.

Muka kai motar bas a jiƙe, muna rawar ɗari. Da muka sauka Estes Park muka sha shayi mai zafi, kan ya fara sauƙi. Kafin mu kai Denba ya daina.

ABIN DA MUKA GANE DAGA BAYA

Da dare muka sauke girman kai, muka zauna kamar 'yan aji, matar ƙanenmu ta yi mana bayani.

Na fari, batun iska. Ko'ina a duniya kashi 21 cikin 100 na iska shi ne oksijin, wanda jini yake bukata. Amma in ana hawa sama iska tana yin shara-shara. A tsayin mita 3,000, abin da mutum yake shaƙa a numfashi ɗaya bai wuce kashi 70 cikin 100 na wanda yake samu a bakin teku ba. Jiki yana iya sabawa, amma sai an ba shi kwanaki. Wanda ya yi gaggawa, daga wajen mita 2,500 zuwa sama, yakan gamu da ciwon kai, da tashin zuciya, da jiri, da kasala. Ƙarfin jiki ba ya hana shi. Sau da yawa ma ƙarfafa ne suke fin shan wuya, domin su ne masu sauri. Iskar can kuma busasshiya ce kamar ta hunturu, tana tsotse ruwan jiki mutum bai sani ba.

Ta ƙara da wani abu wanda ya shafe mu ƙwarai, mu mutanen Afirka ta Yamma. Mai ciwon sikila kada ya hau irin wannan tsayi sai ya ga likita. Ko wanda ba shi da ciwon amma yana ɗauke da irinsa a jini, wato mai AS, an sha samun waɗansu da saifarsu ta yi ciwo mai tsanani a kan tsauni. Duk wanda ya ji ciwo a hagun cikinsa daga sama, a ƙarƙashin haƙarƙari, sai ya sauka ya nemi asibiti. A Nijeriya kuwa wajen mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da wannan iri, da yawa ba su ma sani ba.

Na biyu, batun hadari. A Yuli da Agusta iska mai laima takan zo Kolorado daga kudu. Da safe rana ta gasa duwatsu, iska mai ɗumi ta tashi sama da laimar, kafin tsakar rana girgije ya haɗu, da azahar sai tsawa. Kusan kullum haka yake, har mutanen wurin suna da ka'ida, wai azahar ta same ka kana gangarowa. Tsawar kuma ba ta wasa ba ce. A ranakun 11 da 12 ga Yuli, 2014, aradu ta kashe mutum biyu a cikin wannan gandu, ɗaya kowace rana, kusa da babbar hanyar mota da ake kira Trail Ridge, waɗansu da dama kuma suka ji rauni. Dukansu masu yawon kallo ne.

Akwai hanyar auna nisan tsawa. In ka ga walƙiya, sai ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji ƙarar. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ke nan. In ba ka kai 30 ba, kana cikin hatsari. Sai a bar bakin ruwa, a bar fili da kan tudu, kada kuma a fake a gindin itace dogo wanda yake tsaye shi kaɗai. Cikin mota a rufe ko cikin gini ya fi ko'ina.

Na uku, batun sanyi. Kowane mita 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6. In aka haɗa da jiƙewa da iska, mutum yana iya ƙagewa da sanyi a tsakiyar lokacin zafi.

RANA TA BIYU

Bayan kwana shida ƙanenmu ya ce, "Yaya, ko mu sake gwadawa?" Muka ce sai abin da matarsa ta ce. Ta yi murmushi ta tsara mana tafiyar. Muka je Estes Park muka kwana, domin jiki ya ƙara sabawa. Takardar shiga ba mu da ita, amma a shekarar nan wanda ya wuce ƙofa kafin ƙarfe 5 na asuba ba a tambayarsa takarda. Ƙarfe 4 da rabi muka wuce. A hanya fitilar mota ta haska wata irin babbar barewa da ake kira elk, tsayinta ya kai na doki, ƙahonta da rassa kamar itace. Ma'aunin mota ya nuna digiri 6.

Wannan karo kowa da suwaita, da rigar ruwa a jaka, da takalmi mai kama ƙasa, da gorar ruwa, da tocila. Uwargida muka sa a gaba, gama ita ce mai tafiya a hankali, mu kuwa muka koma can baya. Duk minti goma a tsaya a kurɓi ruwa. Numfashi dai yana yin sama, amma kai bai sara ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Muka iso Tafkin Mafarki gari yana wayewa. Ba iska ko kaɗan, ba hayaniya, mutanen da ke wurin ba su fi goma ba, kowa yana magana ƙasa-ƙasa. Kwarin yana cikin duhu tukuna, sai rana ta taɓa kan Dutsen Hallett, ya yi ja kamar garwashi, jan yana saukowa a hankali, ga kuma wani dutsen a kife cikin ruwa. Yaron da ba ya rufe baki ya yi tsit. Uwargida ta ce, "Kai, Allah da iko yake." Ba wanda ya ƙara kome a kai.

Daga nan hanya ta bi gefen tafkin, ta hau waɗansu matakalai kusa da rafi mai zubowa a kan duwatsu. Wajen ƙarfe 7 muka fita daga cikin itatuwa, sai ga Emerald Lake, wato Tafkin Zumurrudu, kilomita 2.9 daga mafari, mita 3,082 bisa teku. Ruwan kore ne shar. Duwatsu sun kewaye shi ta gefe uku kamar ganuwa, Hallett a hagu, a dama kuma tsinin duwatsun Flattop, wanda tsayinsa mita 3,756 ne. Muka tsoma hannu a ruwan muna ƙirgawa, ba mu kai goma ba muka cire. Kyansa kuma bai sa a sha shi haka ba, gama akwai ƙwayoyin cuta masu sa gudawa ko a ruwan da ya fi kowane haske.

Ƙanenmu ya nuna mana bakin dutsen can sama, ya ce nan ne mararrabar ruwan nahiyar. Ruwan saman da ya sauka ta wannan gefe yakan bi koguna har Misisifi, ya faɗa Tekun Meziko. Wanda ya sauka taki kaɗan ta wancan gefe kuwa sai ya bi Kogin Kolorado ya nufi wajen Tekun Fasifik.

Muna cin guzuri sai ga wani ɗan kurege mai zane a baya ya zo har kan takalmin yaron. Ya ɗebo gyaɗa zai ba shi, uwarsa ta riƙe hannunsa. Doka ta hana ciyar da namun gandun, gama in sun saba da abincin mutane sukan bar neman nasu, sukan kuma yi cizo. Haka nan ba a tsinkar fure, ba a zuwa da kare a hanyoyin ƙasa, ba a barin ko ɓawon ayaba. Duk abin da ka hau da shi, da shi za ka sauko. Da ba don haka ba, mutum miliyan huɗu a shekara da sun mai da wurin juji.

A bakin wannan tafki muka ce da matar ƙanenmu, a gaban kowa, "Ranar nan kin fi mu gaskiya. Mun gode." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Haba Yaya, ba kome. Ai ga shi kun zo."

GA MAI NIYYAR ZUWA

Yanzu 'ya'yanmu da yawa suna karatu ko aiki a ƙasashe masu irin waɗannan duwatsu, iyaye kuma suna kai musu ziyara. Ga abin da za mu ce wa duk wanda za a kai shi irin wannan yawo. Kada ka tambayi nisan hanya kaɗai, tambayi tsayin wurin bisa teku. Ka ba jikinka kwana uku ko huɗu kafin ka hau. Ka yi sammako, ka yanke lokacin juyawa tun kana gida, in lokacin ya yi ka juya ko da tafkin yana gabanka. Ka ɗauki ruwa, da abin sanyi, da rigar ruwa, ko da sama garau take. Mai rauni a cikinku shi ne zai yi gaba. In kanka yana ciwo ka faɗa, kada ka ɓoye kamar yadda muka yi. Dokokin shiga da kuɗin ƙofa kuma sukan sāke daga shekara zuwa shekara, sai a bincika kafin a tashi.

Abin da ya fi ba mu tsoro, in mun tuna, shi ne hujjar da muka kafa a bakin Tafkin Mafarki, wai ai kowa yana tafiya. Yawan jama'a ne ya rufe mana ido, har muka ƙi jin mutum ɗaya da ta san wurin, don kawai ƙanuwa ce a gare mu. Mu magidanta muna da wannan hali, ba a kan dutse kaɗai ba.

Ƙarfe 10 ta same mu muna gangarowa, rana ta yi zafi, hanya ta cika maƙil da masu hawa. Kusa da Tafkin Bado muka gamu da wani mutum sa'anmu, ya bar iyalinsa a baya, yana haki, fuskarsa ta yi ja, ba jaka ba gora. Ya tambaye mu ko tafki na uku yana da nisa. Muka ce masa saura kilomita biyu, ya jira iyalinsa, ya kuma riƙa duban sama. Ya yi dariya ya ce ai shi ya saba, ya wuce. Uwargida ta dube mu, mu kuwa muka dubi ƙasa. Da azahar muna cin abinci a Estes Park muka ji tsawa daga wajen duwatsu. Muna fata ya juya da wuri.